Fatsa da kuɗin tara: Zaren da ya dace da ruwan Bakolori

 

A wannan makon za mu ɗan rufe littafi mu nufi bakin ruwa. Duk mai leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon Bature tsaye cikin rafi garai-garai, yana kaɗa wani zare mai launi a iska kamar bulala, ya sauke shi a hankali kan ruwa, kafin ka ƙifta ido kifi ya kama. Abin yana da ban sha'awa, musamman gare mu 'yan Talata Mafara da Bakura da Maradun da Allah Ya ajiye mana dam a bayan gida. Shi ya sa idan hutu ya matso tambayar da ke yawo a majalisun samari ita ce nawa kayan nan suke, kuma ina ake samunsu. To, kafin wani ya zuba kuɗin tararsa na zango guda cikin odar kaya ta intanet, ya kamata mu zauna mu yi lissafi.

Me ya sa zaren Bature ke da tsada?

Irin fatsar da muke gani a bidiyon nan ba a sa mata tana. Ƙugiyar ake ɗaure wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, kifi ya ɗauka abinci ne ya faɗo ruwa. Wannan ƙwaron bogi ba shi da nauyin da za a iya jefa shi nesa, saboda haka sai aka mayar da nauyin cikin zaren kansa. Zaren mai kauri ne, an lulluɓe shi da roba, tsawonsa yakan kai mita 27, kuma shi ke jan ƙugiyar zuwa inda ake so.

Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan fatsa a Amurka suka yi wa waɗannan zaruruwa lamba bisa nauyin ƙafa 30 na farko, wato kimanin mita 9. Zare mai lamba 5, wanda aka fi sayarwa, nauyin wannan yanki nasa kusan giram 9 ne. Dole lambar zare ta dace da lambar sanda. Wanda ya sayi zare mai lamba 8 ya ɗora a sandar lamba 4, jifarsa ba za ta yi kyau ba, haka ma in ya yi akasin haka. Wato zare shi kaɗai ba ya aiki, sai da sandarsa da injin naɗinsa da siririn zaren da ake ƙarawa a bakinsa. Zaren kamfanoni masu suna shi kaɗai yakan kai dala 100. Kowa ya buga wannan da farashin dala na yau ya ga ko buhun shinkafa nawa ne.

Ruwanmu daban, kifinmu daban

An tsara wannan salo ne domin kifin ƙasashen sanyi da ke farauta da ido a ruwa mai haske. Ana yin sa a Afirka ma, domin masu kuɗi kan biya su je Kogin Faro da ke arewacin Kamaru da rani, lokacin da ruwan ya kwanta, su nemi tsage da giwan ruwa. Amma Bakolori ba Faro ba ce.

An kammala dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tsawon bangonsa ya kai kilomita biyar da rabi, tafkin ya mamaye kimanin hekta 8,000, kuma an gina shi ne domin ya riƙe ruwa mita cubic miliyan 450. Ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da garuruwan da aka tashi, kuma iyayenmu ba su manta da watan Afrilun 1980 ba, lokacin da manoman da ke neman diyyar gonakinsu suka rasa rayuka da dama. Ga mai fatsa, wannan tarihi yana da wata ma'ana ta zahiri: gindin tafkin cike yake da kututture da saiwoyi, gefen bango kuma duwatsu ne, dukkansu masu cin zare da riƙe ƙugiya.

Ruwan kuma da damina ja ne, mai laka, ko da rani ba ya yin garau irin na bidiyo. Kifin da ɗalibi zai fi samu daga bakin gaɓa su ne karfasa da tarwaɗa da kurungu da kawara. Tarwaɗa da kurungu a ƙasan ruwa suke kiwo, da gashin baki da ƙanshi suke neman abinci, ba ruwansu da kyan ƙwaron da ke yawo a sama. Karfasa kuwa ƙaramin baki gare ta, tana son tana da ƙullin dusa. Idan haka ne, abin da ke kawo kifi gida a wurinmu abu uku ne: zare mai ƙarko, ƙugiya mai kaifi daidai bakin kifin, da ƙullin da ba ya warwarewa. Nan ya kamata kuɗinmu su tafi.

Wane zare za mu saya?

Zaren fatsa iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne zaren roba na nailan, fari mai sheƙi, wanda kowa ya sani. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro nailan a 1935, kuma har yau shi ne zaren talaka a duk duniya. Yana da araha, yana ɗan miƙewa idan kifi ya fizga, ƙulli kuma yana zama a jikinsa. Na biyu saƙaƙƙen zare ne mai kama da na ɗinkin takalmi. Yana da ƙarfi ƙwarai ga siranta, amma yana da tsada, dutse na saurin gurje shi, kuma idan da hannu ake ja yakan yanka yatsa. Na uku wani ne mai kama da nailan da ake tallarsa da cewa kifi ba ya ganinsa cikin ruwa. A ruwa mai laka irin namu kifi ba ya ganin na nailan ɗin ma, saboda haka biyan wannan ƙarin kuɗi asara ce. Na farkon ya ishe mu.

Sai maganar kauri. A jikin kwalin zare ana rubuta lamba biyu: kaurinsa da milimita, da nauyin da zai ɗauka kafin ya tsinke, da kilo ko da laba. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo, wato zaren da aka rubuta wa laba 10 kimanin kilo huɗu da rabi yake ɗauka. Ga karfasa da kawara, zare mai kaurin 0.20 zuwa 0.25 ya wadatar, domin yakan ɗauki kilo uku zuwa biyar. Ga tarwaɗa a wurin da ke da kututture, a nemi 0.35 zuwa 0.40, wanda ke ɗaukar kilo takwas zuwa goma ko fiye. Wanda kuɗinsa ba su kai ya sayi iri biyu ba, ya tsaya a 0.30, zai yi masa aikin duka biyun gwargwado.

Da yawa daga cikinmu kan ɗauka cewa zare mafi kauri shi ne mafi kyau. A'a. Zare mai kauri yana da tauri, ba ya barin tana ta yi motsi yadda kifi zai yarda da ita, ƙulli ba ya kamawa sosai a ƙaramar ƙugiya, sannan cizon karfasa ba ya isowa hannu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne shekarun zaren. Rana tana cin nailan. Zaren da ya yi watanni rataye a bakin rumfa rana na dukansa yakan rasa ƙarfinsa ko da ba a taɓa sa shi a ruwa ba. Idan za mu saya, a kasuwar ranar Talata ne ko a Gusau, mu nemi wanda ke cikin kwali ko leda a inuwa. Mu ja shi tsakanin yatsu biyu: idan ya yi kaushi, ko ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, ko ya tsinke daga ɗaura ƙulli ɗaya, a ajiye shi komai arhar sa. Araha ba ta ado. Bayan an saya kuma a riƙa adana shi a inuwa, kada a bar shi kan rufin ɗaki ko cikin but ɗin babur.

Gwajin bokiti

Ba duk lambar da aka buga a kwali ce gaskiya ba, musamman a zaren da ba a san kamfaninsa ba. Darasin kimiyya na ƙaramar sakandare zai raba mana gardama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ledar fiya wata ɗaya kuma rabin lita ce, wato rabin kilo. A yanko zare kamu biyu, a ɗaura gefe ɗaya a hannun bokitin roba, ɗaya gefen a naɗa jikin sanda. A riƙa jefa ledojin ruwa cikin bokitin ɗaya bayan ɗaya, ana ɗagawa a hankali ba tare da fizga ba. Idan zaren ya tsinke a leda ta takwas, ƙarfinsa kilo huɗu ne da ɗan nauyin bokiti, ko me kwali ya ce.

Duk wanda ya yi wannan gwaji zai lura cewa kusan kullum a wurin ƙulli zaren ke tsinkewa. Ƙulli shi ne raunin kowane zare, shi ya sa koyon ɗauri mai kyau ya fi ƙarin kuɗi amfani. Ga wani mai sauƙi: a ninka bakin zaren gida biyu, a zura ninkin ta idon ƙugiya, a yi ƙulli irin na yau da kullum sakwa-sakwa da ninkin, sannan a zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin da ya fito. A jiƙa shi da ruwa kafin a ja ya tsuke, domin busasshen nailan yana zafi ya raunana idan ya gogi kansa. A gwada wannan a bokiti, a gwada wanda aka saba ɗaurawa, kowa ya ga bambanci da idonsa.

Wata dabara kuma ita ce a ɗaura ƙugiya a guntun zare kamar kamu ɗaya wanda ya fi babban zaren siranta. Idan ƙugiya ta maƙale a kututture aka ja, guntun ne zai tsinke, a yi asarar ƙugiya ɗaya kawai, sauran kaya su dawo.

Ƙugiya

Lambar ƙugiya a juye take tafiya: lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta. Ga karfasa da kawara a nemi tsakanin 8 da 12, ga tarwaɗa da kurungu kuma tsakanin 1 da 4. Kamfanoni sukan ɗan bambanta wajen lamba, saboda haka ido ya fi rubutu: a tuna girman bakin kifin da ake nema. Babbar ƙugiya babban kifi kawai take kamawa, ƙarama kuwa tana kama ƙanana, ta kama matsakaita. Ga mai koyo, mai ido ta fi mai faffaɗan kai sauƙin ɗauri.

Masuntanmu sun daɗe da sanin ƙugiyar Mustad ta ƙasar Norway, amma suna a kwali ba hujja ba ce, domin jabu ya yi yawa. A gwada tsinin a kan farcen babban yatsa: mai kaifi tana kama farce, dakusasshiya tana zamewa. A ɗan matsa ta da yatsu, idan ta buɗe cikin sauƙi to tarwaɗa ma za ta buɗe ta. Ƙugiya goma masu kyau sun fi ɗari na banza. A shanya su bayan an dawo, a ajiye cikin kwalbar magani da ɗigon mai, ba za su yi tsatsa ba.

Sanda da kara da nauyi

A nan ne ba ma buƙatar kashe ko sisi. Sandar gora ko gwangwala busasshiya, mai tsawon mita uku zuwa huɗu, mai laushin kai, tana yin aikin karfasa sarai. A ɗaura zaren tun daga tsakiyar sandar a naɗo shi zuwa kai, ko da kan ya karye kifi bai tafi da zare ba. Ga tarwaɗa da ke nesa da gaɓa, a naɗa zare mita talatin a jikin gorar lemo ko gwangwani, a jefa da hannu. Abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna cizo kuma, guntun karan dawa ko yankin tsohon silifa ya isa.

Inda muke so a saurare mu da kyau shi ne wajen nauyin da ke nutsar da ƙugiya. An saba amfani da dalma, har wasu kan matse ta a zare da haƙori, wasu kuma su fasa tsohon batirin mota su narka a gwangwani a tsakar gida. Ɗan Zamfara bai kamata a yi masa dogon bayani kan dalma ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, waɗanda suka rayu kuma da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Dalmar fatsa ita ce dai wannan dalmar. Kada mu sa ta a baki, kada mu narka ta inda ƙannenmu ke wasa. Tsohon noti daga wurin mai gyaran babur, ko ɗan dutse da aka ɗaure da roba, yana nutsar da ƙugiya daidai da ita.

Ga mai sha'awar ƙwaron gashi

Ba mu ce a jefar da sha'awar gaba ɗaya ba. Asalin wannan salo na talakawa ne. Wani marubucin zamanin Rumawa mai suna Aelian ya ba da labari, kusan shekara 1,800 da suka wuce, cewa mutanen Makidoniya na ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya su kama kifi. A duwatsun Japan kuma akwai salon da ake kira tenkara, wanda sanda ce doguwa da zare da ƙwaron gashi kawai, babu injin naɗi. Wannan ai fatsarmu ce aka canza mata abin baki.

Lokacin gwada shi a wurinmu shi ne farkon damina, idan shinge ya fito yana faɗawa ruwa, kawara na tasowa sama tana cafka. A samu ƙugiya lamba 12, a naɗa mata baƙin zaren ɗinki ya zama jiki, a ɗaura ɗan gashin zabo ko na kaza ya zama fiffike. A sauke ta a hankali kan ruwa da doguwar sanda, a riƙa ɗan girgiza ta. In an dace an ga abin da Bature ke biyan daloli ya gani, in ba a dace ba asarar ba ta wuce ƙugiya ɗaya da gashin zabo ba.

Yadda za a raba kuɗin

Ba za mu faɗi farashi ba, domin na wannan makon ba shi ne na makon gobe ba. Shawararmu ita ce a yi karo-karo. Naɗin zare mai mita 100 yana isar sanda ashirin idan kowace ta ci mita biyar, to me zai sa ɗalibi ɗaya ya saya shi kaɗai? Mutum huɗu su haɗa kuɗi, rabi ya tafi ga zare, kashi ɗaya cikin uku ga ƙugiya iri biyu, sauran a ajiye domin maye gurbin abin da ruwa zai ci. Tana kyauta ce a gindin randa da bakin lambu. Sanda mai inji ta jira sai hannu ya faɗa, an san ruwa, an kuma tabbatar sha'awar ba ta hutu ɗaya ba ce.

Abin da ba a saye a kasuwa

Duk kifin Bakolori bai kai ran ɗayanmu ba. Manyan hanyoyin ruwan da suka taso daga dam zuwa gonakin Mafara da Bakura na siminti ne, gefensu akwai gansakuka mai santsi, kuma idan aka buɗe ƙofa ruwan yakan ƙaru da ƙarfi ba sanarwa. Wanda ya zame ciki, ko ya iya ruwa, fita tana masa wuya domin babu abin kamawa. Kada a zauna a gangaren, kada a shiga ciro ƙugiyar da ta maƙale, kada a je mutum ɗaya.

Sai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, ta shiga ta fata, ba sai an sha ruwan ba. Fatsa daga kan gaɓa ta fi tsayuwa cikin ruwa aminci. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, maganinta yana nan kuma yana aiki, ba abin kunya ba ne. A kuma yi hattara da ƙayar kurungu da ta tarwaɗa wajen cire ƙugiya, a riƙe kifin ta bayan ƙayoyin da tsumma.

Halin tsaron yankinmu kuwa kowa ya san shi. Ba kowace gaɓa ake zuwa ba, ba kuma kowane lokaci ba. A nemi izinin iyaye, a faɗi inda za a je, a tafi bayan gari ya waye sosai, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Duk da cewa tarwaɗa ta fi cizo da almuru, a bar wa masu sana'a wannan.

Masu sana'ar nan su ne makarantarmu ta farko. Kowane ruwa yana da Sarkin Ruwa da masuntan da suka gaji su kaka da kakanni, sun san inda rami yake, sun san inda aka hana. A gaishe su, a tambaye su, kada a jefa fatsa kan kalli ko malin wani. Da ɗan gari akan ci gari. Idan wani ya kawo shawarar zuba maganin ƙwari a ruwa domin kifi ya taso, a guje shi, domin dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, kuma ruwan nan shi mutane da dabbobi ke sha. Karfasar da ba ta kai tafin hannu ba a mayar da ita, haka ma uwar da aka samu da ƙwai a baki, domin a baki karfasa ke renon 'ya'yanta. Tsinkakken zare kuma a sa shi aljihu a kai gida, nailan yana shekaru bai ruɓe ba, yana naɗe ƙafar tsuntsu da ta akuya.

Wanda ya ji abin ya shiga ransa ya sani cewa karatu ne mai zaman kansa. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa ta Jihar Neja, da kwalejin tarayya ta koyon wannan fanni a garin, jami'o'inmu da dama kuma suna da sashen nazarin kifi. Bikin Argungu da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, da homa da gora ake yin sa, duniya kuma take zuwa kallo.

Duk wanda ya yi gwajin bokiti ya rubuto mana kaurin zarensa da adadin ledojin da ya ɗauka, za mu jera sakamakon a wannan fili domin kowa ya amfana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi hutu lafiya.